Barden Lambara

Kan teburin da nake yankan yadi aka haifi wasan, kuma a kansa ya mutu. Ni ne Mode, tela a kasuwar Bodinga, shi ya sa har yau nake jin haushin abin.

Malam Yahaya, malamin firamare, shi ya kawo mana shi zamanin farar hula ta biyu, lokacin da sabulu da madara suka zama abin bin layi. Ya zana birni da daji a bayan kwali, ya ba kowa marfin kwalba a matsayin mutuminsa, ga ɗan ludo guda. Shi ke ba da labari, mu mu faɗi abin da mutanenmu za su yi, sai a jefa ɗan ludon. Shida nasara ce, ɗaya halaka. Ba caca ba ce, ko kwabo ba a sawa. Doka ɗaya ce Malam ya kafa: wanda ya mutu ya mutu, ba roƙo.

Ni maharbi na ɗauka, don ina son yaƙi daga nesa. Maniru mai shayi ya ɗauki boka, abin da ya dace da shi ƙwarai. Barde kuwa, mai takobi da garkuwa, wanda ke shiga gaba ya sha dukan kowa, ya faɗa hannun Mijinyawa.

Mijinyawa mai albasa ne daga Lambara, yana zuwa duk ranar kasuwa. Shan inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, da sanda yake tafiya. Ya taɓa gaya mini cewa ko gayya aka yi a garinsu, randar ruwa ake ba shi tsaro. In ya kama buhu a ƙwace, in ya yi fushi a ce a bar shi. Amma a teburina ba mai raga masa. Dodo ya sare shi, 'yan fashi sun harbe shi, Maniru ya zage shi kan ya kai mu cikin tarko, shi ko sai dariya yake har da dukan tebur. Ban taɓa ganin wanda ke murna da zagi irinsa ba.

Sai albashi ya tsaya. Malam Yahaya ya yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ya ce zai bar aikin ya nemi abin yi a Kaduna. Muka shirya zama na ƙarshe bayan la'asar.

Labarin ya kai mu ƙofar birni, rundunar Sarkin Aljanu na biye da mu, mata da yara ba su gama shiga ba. Dole wani ya tare ƙofar.

"Ku tahi," in ji Mijinyawa. "Ni ka tsayawa."

"Barde, in guda ta hito ka mutu hwa," in ji Malam.

"Na sani, Malam. Don wanga anka ba ni garkuwa."

Ya girgiza ɗan ludon ya jefa. Ya gangara ya tsaya gefen almakashina, kusa da Malam. Ɗaya ce. Kafin kowa ya yi magana, Malam ya kife tafinsa a kai, ya ɗauke, ya ce shida ce, Barde ya kore su, ya shiga birni ana yi masa guɗa.

Kara ya yi masa. Haka muka tashi, ba ka barin baƙonka ya tafi da baƙin ciki ranar ban kwana, balle mai lalura. Malam mutumin kirki ne, kirkin nan ne ya cuce mu.

Mijinyawa ya daɗe yana kallon hannun Malam.

"Allah shi gafarta Malam, guda ta. Na gani."

"Haba Mijinyawa, ranar rabuwa ta. Mi za a yi da mutuwa?"

"Da Mode na yaj jefa, da ka ruhe mishi?"

Duk mun san amsar. Ni maharbina na farko ya mutu shekara guda kafin nan, ba wanda ya rufe komai, har Maniru ya yi mini waƙa. Mijinyawa ya ajiye marfin kwalbarsa a bakin ƙofar da aka zana, ya ɗauki sandarsa, ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Kafin ya tafi Kaduna, Malam ya hau mota har Lambara ya ba shi haƙuri. Ya ce mini Mijinyawa ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo fura, ya ce ya yafe. Da Malam ya ce a dawo a sake jefawa, sai ya girgiza kai.

"An riga an jefa, Malam. Barde ya mutu bakin ƙohwa, awa namiji. Wanda kak kai cikin birni gurgu na, kuma shi na san shi tun tuni."

Malam yana ba ni labarin yana share ido, ni kuwa na kasa tausaya masa a ranar, sai daga baya.

Mijinyawa bai daina zuwa kasuwa ba. Duk sallah yana kawo mini ɗinki, mu gaisa, mu yi zancen tsadar taki. Na sha tura masa kujera kusa da teburin, sai ya ce na gode, ya tsaya daga bakin ƙofa a kan sandarsa har in gama auna shi.