Kurayen Dalma na Ilu Mai Fenti

A shekarar da aka buɗe makarantun UPE, magana ta cika Gagarawa Tasha cewa Ilu mai fentin motoci yana kiwon kuraye a cikin gwangwanin biskit. Wai ba su fi ɗan yatsa ba, amma in ya tofa musu wani abu sai su kumbura su fita farauta. An kashe tumaki uku a rugar Manu, kuma mai unguwa ya ce in Juma'a ta zo Ilu bai wanke kansa ba, ya tattara ya bar garin.

Duk wanda na tambaya, wani ne ya gaya masa. Na yafa gyale na tafi in gani.

Na same shi a rumfarsa da hantsi, ya sunkuya kan wani katako.

"Iya, ke ma kin zo kallon maye?"

"Na zo kallon kuraye. Fito da su, ɗan nan."

Ya jera su a gabana, guda goma sha biyu, na dalma, kowanne a kan ɗan faifan kwali. Na gyara tabarau. Buroshinsa gashi ne bai fi sili biyar ba, daga jelar kyanwa ya tsinko. Da shi ya sa wa kowanne ja a cikin baki, fari a haƙori, da ɗigon haske a ido wanda sai ka karkata shi ga rana za ka gani. Fenti uku ya shafa wa gashin jikinsu, duhu a ƙasa, haske a sama, har ka ji kamar ka shafa. Ya kuma barbaɗa yashin garinmu ƙarƙashin ƙafafunsu. Mutumin da ke zana zaki mai girman ƙofa a bayan babbar motar roka, ga shi yana riƙe numfashi saboda ƙwayar ido.

Ya ce na Dogo ne, Baturen da ke haƙa rijiyar burtsatse a Gumel, shi ya aiko a yi musu fenti. Wasan yaƙi suke yi da abokansa a kan tebur, da dodanni da mayaƙa, ana jefa ɗan lido ana awo da rula. Waɗannan su ne rundunarsa.

"Wa ya ce ka yi musu dabbare-dabbare?"

"Direbansa Hussaini. Bature ya faɗi sunansu da Turanci, shi kuma ya ce min kura ke nan."

Na sake dubawa, sai na aika a kira Manu da mai unguwa.

Manu ya tsaya nesa, sanda a kafaɗa, yana ta'awwuzi.

"Bappa Manu," na ce, "an ce ba wanda ya fi ka sanin kura daga nan har Maigatari."

"Haka ne."

"To duba min wannan. Ko tsoro kake ji?"

Ya harare ni, ya karɓa da bakin yatsu. Ya juya shi, ya ɗaga shi daidai idonsa. Sai ya yi tsaki.

"Wannan ce kura? Ina gangaren bayan? Kura ƙafarta ta baya gajera ce, kamar mai shirin tsugunawa. Wannan bayansa a miƙe. Dubi jela, buzu-buzu! Dubi kunne, tsini! Kare ne aka sa wa rigar kura."

"Kyarkecin ƙasarsu ne," na ce, "na taɓa ganinsa a littafi, launin toka gare shi."

Ilu ya dafe kai. "Wayyo, sati uku ina ɗiga musu tabo!"

"Sawun da ka gani a rugarka fa?" in ji mai unguwa.

"Na kura ne sak, ranka ya daɗe. Na gaba manya, na baya ƙanana. Wannan ko ya kumbura ya kai raƙumi ba zai bar irinsa ba." Bai ajiye shi nan da nan ba. "Amma wallahi idon nan kamar zai ƙifta."

Mai unguwa ya ce Ilu ya yi zamansa.

Kyarketai ne na dalma, na wasan Bature. Tumakin Manu kuwa kura ce ta ci su, daga dajin da ke bayan titin jirgi.