Ranar da Haɗiyau Ta Shiga Ɗakin Ɗana

Sunana Dabo. Ni ne Sarkin Zangon Illela tun kafin Nasara su kafa duwatsun iyaka tsakaninmu da Ƙonni. Yanzu ba ni ba ne. Ga yadda aka yi.

Ina da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, amma zan faɗa don labari ya miƙe: Attahiru. Shekarar da Faransi ke kama mutane da jakunansu don yaƙin Azbin, ya ɗora gero ya nufi Tawa. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Ranar da ya fita, uwarsa Lubabatu ba ta raka shi ko zaure ba. Kunyar ɗan fari ba ta bari. Sai da ya yi nisa ta shiga ɗakinsa. Rairayi muke zubawa a ƙasan ɗakin. A bakin ƙofa daga ciki akwai sawun ƙafarsa ta dama, har yatsu a fili. Ta ɗauko akushin da yake cin tuwo a ciki ta kife a kai. Haka matan garinmu ke yi. Sun ce muddin sawun matafiyi na gida, ƙafarsa za ta dawo da shi. Liman ya ce wannan ba ya cikin littafi. Na ce na sani. Ban ce ta ɗaga ba.

Gidan saukar baƙi gidan shara ne. Jakuna, raƙuma, ɓawon goro, tokar murhu. Saboda haka na san tsintsiya. Ta kaba ita ce ta turke da tsakar gida. Tana da ƙarfi, amma in ka sa ta a ɗaki sai ta kankare daɓe. Ta kwakwa fataken goro ke kawowa daga Kurmi. Tana daɗewa, tana kwashe jiƙaƙƙen ganye, amma lallausar ƙura ta tsakanin tsinkayenta take wucewa. Ta ciyawa kuwa matan Kalmalo ke yankowa a bakin tafki. Ba ta ƙarko, tana zubar da gashi, amma ita kaɗai ke shafa ƙasa a hankali ta tsaya inda hannu ya ce ta tsaya. Da ita Lubabatu ke share ɗakin yaron. In ta zo wurin akushi sai ta zagaya.

Damina ta biyu da tafiyarsa, ruwa ya kayar da rufin bariki, masaukin Turawa. Kwana kaɗan sai ga Baturen iyaka ya zo rangadi. Jan Wuya muke ce masa. Mai gari ya aiko mini da Mukhtari tafinta.

Mukhtari ya ce, "Sarkin Zango, mai gari ya ce Bature gidanka zai sauka. Ɗakin da ya hi kyau."

"Ɗakin da ya hi kyau da mai shi."

"Mai shi ba ya nan, Baba."

"Na sani. Ni nih haihe shi."

Ya sunkuyar da kai, amma bai tafi ba. Umarnin mai gari ne, ni kuma rawaninsa ne a kaina. Na ce to, su shiga. Amma akwai akushi a kife a bakin ƙofa, kada hannun kowa ya taɓa shi. Na gaya masa abin da ke ƙarƙashi. Na ce ya gaya wa Bature da bakinsa.

Ya ce, "An gama, Baba."

Kayan Jan Wuya suka riga shi isowa, a kan 'yan dako. Mai kula da su wani Bakano ne, Idi, ƙato mai yawan magana, da farar riga mai maɓallai. Cikin kayan akwai darduma mai kauri, da buroshi mai dogon ice wanda wani Bafaranshe ya ba Baturen a Ƙonni, da wani akwatin ƙarfe da doguwar mesa a jikinsa. Idi ya ce maigidansa yana da ciwon ƙirji, ƙura ce ke shaƙe shi. Ba a share masa ɗaki da tsintsiya. Matarsa ce ta aiko masa da akwatin daga ƙasarsu.

Mutanen zango suka taru a zaurena. Har Jaɓɓo, Bafulatanin da ke kawo mana nono, ya jingina sandarsa ya tsaya.

Na ce wa Idi, "Wanga mi na?"

"Uwar tsintsiyoyi ke nan, Baba. Daga yau naku sai dai ku hura wuta da su."

"Bakano, kai dai da ka ga ƙarhe sai ka yi mai gaisuwa. Gwada mu gani."

Ya shimfiɗa dardumar a zaure. Ya sa aka kawo dusa da toka, ya barbaɗa, ya tattake da ƙafa. Na sa aka kawo tsintsiyoyina. Ta kaba ta tayar da toka har aka yi ta tari, ta kuma fara cin gashin darduma. Ta kwakwa ta kwashe dusa ta bar toka. Ta ciyawa ta shafe sama, na ƙasa yana nan. Buroshin Faransi ba wanda ya yarda ya riƙa, don an ce gashin alade ne. Idi ya rantse na doki ne. Shi ya share da shi. Ya fi ta kwakwa, kuma mutum a tsaye yake aiki ba ciwon baya. Amma toka ba ta fita duka ba.

Sannan ya jawo akwatin. Zugazugi ne a cikinsa irin na maƙera, sai dai shi ja yake yi, ba hurawa ba. Idi ya ɗora ƙafa a kan wani katako yana takawa, abin yana numfashi kamar sa mai mura. Ya bi darduma da bakin mesar. Duk inda ta bi sai jan darduma ya fito kamar yau aka saƙa. Ba toka, ba dusa, ba wanda ya yi tari.

Ba na ƙarya don kare kayana. A kan darduma, abin nan ya ci su duka. Na faɗa a gaban mutane.

Idi ya ji daɗi. Ya sauke mesar daga darduma zuwa rairayin zaure don ya ƙara burge mu. Abin ya shaƙe, ya yi gurnani, amma ya haɗiye. Inda sawun wani falke yake, sai ga wuri sumul.

Jaɓɓo ya ce, "Kai Bakano, ƙurar da yac ci, ina take zuwa?"

"Akwai jaka a cikinsa."

"In ta cika fa?"

"In mun koma Gwadabawa a zazzage a masai."

Kowa ya san abin da ake yi da sawun mutum in ya shiga hannun maƙiyi. Tsintsiya tana kai shara juji kowa na gani. Wannan kuwa ɓoyewa take yi ta tafi da shi wani gari. Mutane suka fara janye ƙafafu. Jaɓɓo ya fita da baya da baya, yana goge sawunsa da sanda.

Ya ce, "Wagga Haɗiyau ta. Gobe ku aiko a amshi nono a bakin gari."

Aka yi dariya, amma kowa ya bi bayansa. Sunan kuma ya zauna.

Aka kira azahar. Kafin in fita na sake ce wa Mukhtari, "Ka gaya mai?"

"Na gaya mai, Baba."

Bai gaya masa ba, bai gaya wa Idi ba. Daga baya na ji dalili. Yaron ya yi karatun Nasara, ya ji kunyar a ce mutanen garinsu suna kife sawu da akushi.

Da na dawo daga masallaci, tun daga zaure na ji numfashin abin yana fitowa daga cikin gida. Na tarar da Lubabatu tsaye a tsakar gida da tsintsiyar ciyawa a hannu. Ba ta kuka. Akushin na kan turmi, an wanke shi an kife.

Ta ce, "Malam, sun ɗauka."



Na shiga ɗakin. An shimfiɗa darduma, an kafa gado mai gidan sauro. Bakin ƙofa sumul, har daɓen ƙasa ya fito. Idi na takawa yana waƙa.

"Sauke ƙahwarka."

"Saura kaɗan, Baba. Wani ma ya manta akushi a nan, na sa an wanke muku."

"Buɗe cikinta."

"Ai ba a buɗewa sai da izinin maigida."

Na ture shi. Na duba murfin, ban gane makullinsa ba. Na zare wuƙata na ɓanɓare shi. Ga jakar, ta farin zane mai kauri, bakinta a ɗinke da wata fata. Na yanke fatar. Na ƙulle bakin jakar da wata igiya da ke rataye a bango, na sa a cikin riga. Idi ya fita da gudu.

Ban gudu ba. Na zauna a bakin ɗakin.

Jan Wuya ya shigo yana tari, da Mukhtari da dogarai. Ya dubi akwatin, ya dubi fatar da na yanke. Wuyansa ya ƙara ja. Ya yi magana a hankali.

Mukhtari ya ce, "Baba, ya ce ka ba da jakar. In babu ita abin ba ya aiki, shi kuma ba ya iya kwana a ɗakin ƙasa. Babu irinta sai ƙasarsu."

"Gaya mai ban badawa."

"Ya ce mi ke ciki? Zinariya ka ɓoye a ɗakin?"

"Yanzu sai ka gaya mai abin da nac ce ka gaya mai tun da sahe."

Mukhtari ya yi ta inda-inda, sannan ya faɗa. Baturen bai yi dariya ba. Ya dubi Lubabatu, ta juya masa baya. Ya sake magana.

"Ya ce bai sani ba. Ya ce ka zazzage rairayinka ka mayar da jakar, ko a yanke take za a ɗinke. Magana ta mutu."

Na juya wajen Lubabatu. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Zane yana riƙe ƙura, Malam."

Gaskiya ce. Kowace mace ta san buhun gari ba ya kakkaɓuwa duka.

Na ce, "Gaya mai birni sun ci da bindiga, ban hana ba. Dutsi sun kahwa tsakanina da surukaina na Ƙonni, ban tuge ba. Ɗaki ya ce shina so, na ba shi. Wagga jaka ko, ba ta hita gidan ga."

Ban san yadda Mukhtari ya juya maganar ba. Na dai ga ta yi gajarta a bakinsa.

Aka kai ni gaban mai gari. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, amma ranar bai dubi idona ba. Ya ce in durƙusa, in gaida Bature in ce masa Zaki, in miƙa jaka, a bar maganar ɓarna. In na ƙi, rawanin zango ya koma kan wani, fatake su koma wani gida.

Ya rage murya ya ce, "Dabo, rairayi na hwa. Sawun ma ya riga ya watse."

"Ranka ya daɗe, rawanin ma zane na."

Na warware shi da hannuna, na naɗe, na ajiye a gabansa. Na fito da hula kawai. Ba wanda ya taɓa rigata, inda jakar take. Ina jin Baturen ne ya hana, ko kuwa dogaran ne suka ji nauyin furfura. Ban tambaya ba.

Jan Wuya bai kwana a gidana ba. Aka kafa masa tanti a kan tudu. Washegari ya wuce, Haɗiyau na kan ɗan dako da murfi a ɗaure da igiya.

Da la'asar na ba Lubabatu jakar. Ta tona rami a bakin ƙofa daga ciki, daidai inda sawun yake. Na tsaya a kanta.

Na ce, "Kin san ba nashi kaɗai ke ciki ba. Da na falke, da na Bakanon, da toka, da dusa."

Ta ce, "Nashi na ciki."

Ta sa jakar, ta rufe, ta zuba sabon rairayi, ta kife akushin.

Fatake sun koma gidan Hamidu, wanda aka naɗa wa rawanin, a bakin kasuwa. Zaurena ya zama na kaji. Jaɓɓo dai ya ci gaba da kawo nono har ƙofa. Mukhtari ya zo gaishe ni da sallah, na amsa daga zaune.

Lubabatu ta rasu bara. Yaron bai zo ba tukuna. 'Yan'uwa sun ce in ɗaga akushin, a yi masa sadaka, a ba wani ɗakin. Liman ma ya sake zuwa. Na ce ban ga wanda ya ga gawarsa ba.

Ni ke share ɗakin yanzu. An ce namiji mai furfura ba ya riƙe tsintsiya. Ina riƙewa. Ta ciyawa nake sa a kawo mini daga Kalmalo. In na zo bakin ƙofa sai in zagaya. Wanda ke son ya ɗaga akushin nan ya fara zuwa zaure, ina nan zaune.