Ƙwai a Kan Zare

Shekara uku Radiyya ta yi a Guangzhou tana haɗa wa matan Kano kaya a kasuwar Canaan, kuma ba abin da take kewa irin miyar yakuwa. Ta shuka yakuwar a bokitai biyar a saman benen da take haya.

Yakuwa ta fara kyau ke nan sai darɓa ta faɗa mata. Ƙananan ƙwarin suka yi cincirindo a bayan ganye suna tsotsa, ganye ya riƙa nannaɗewa yana danƙo. Ran nan da safe ta hau da maganin feshi, sai ta ga wani sabon abu: ƙwai mitsi-mitsi, kowanne a tsaye a kan zare siriri kamar gashi.

"Wata masifar kuma!" in ji ta.

Za ta murtsuke su sai maƙwabciyarta Ayi Liang, tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a gonar lemo, ta riƙe mata hannu.

"Bu yao, bu yao!" Wato kada, kada. Tsohuwar ta yi magana a waya, wayar ta fassara: "Ma'aikatanki ne. Ki ba su mako biyu."

Don kunyar tsohuwar kawai Radiyya ta ajiye maganin.

Kwana huɗu ƙwan suka ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ba shi da kyan gani, ɗan tsurut mai kama da kada, da ƙahoni biyu a baki. Ta durƙusa tana kallo ɗaya ya cafki darɓa, ya tsotse ta tas, ya ɗora ɓawon a bayansa, ya nufi ta gaba.

"Ikon Allah! Ayi, wannan ba ya ƙoshi ne?"

Tsohuwar ba ta ji Hausa ba, amma ta yi dariya.

Kafin mako uku ganye ya washe, sabon toho ya fito. Su kuwa masu cin darɓar suka naɗe kansu cikin farin ƙunshi kamar ƙwayar gero, suka yi shiru kwana goma sha biyu.

Wata safiya Radiyya ta tarar ɗaya ya fito daga ƙunshinsa. Kore shar, fukafukai kamar leshi ana hango ganye ta cikinsu, idanu ruwan zinariya. Ta kasa yarda wai mummunan nan ne.

Wayarta ta yi ƙara. Ramatou ce, ƙawarta 'yar Maraɗi, tana jiranta a kasuwa.

"Hajiya, kina ina?"

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," in ji Radiyya a hankali. "Bari in ga tashinsa tukuna."