Maɓalli a Ƙarƙashin Sitiyari

Sifana biyu, filaya, guntun waya, fitilar gwajin wuta, tsumma. Su ne Auta ya zuba a buhu ya ɗora a cinya, yana bayan babur ɗin direban Baffansa, sanyin safiya yana yanka masa kunne. Ya san babu abin da zai yi amfani da shi a cikinsu. Ya ɗauko su ne don kada a ce ya zo hannu rabbana.

Direban bai rufe baki ba tun da suka taso. Wai tun da sanyi ya sauko a-kori-kurar ta daina tashi da safe. Sai ta yi ta gurnani, ta fitar da farin hayaƙi, ta yi shiru. Sun sake batir, sun sake filta, sun juye man gas sun zuba sabo. Ba ta tashi sai rana ta yi zafi, lokacin masu kaya sun riga sun bi wata motar. Bakanike ya ce gobe zai sauke injin ya farke shi.

Motar ta mahaifin Auta ce. Da ya rasu, Baffa ya karɓe mukullin, wai zai riƙe wa marayu. Ranar da Inna ta tashi daga gidan haya, Auta ya je roƙon a kwashe mata kaya. Baffa ya ce tayoyin sababbi ne, hanyar unguwar kuma duk ramuka. A baro aka tura gadon Inna da tukwanenta, tana biye a ƙasa, motar mijinta tana hutawa a inuwa.

Sun tarar da Baffa a farfajiya, cikin rigar sanyi kan rigar sanyi.

"Ɗana, ka iso? Ya Innar taka?"

Auta ya ce tana nan inda aka bar ta. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Toka ce jibge, cikin injin ya yi baƙi ƙirin. Wuta suke hura mata kamar tukunya. Ya buɗe gidan iska, inda injin ke shaƙar iska, warin fetur ya doke shi.

"Wa ke ɗura mata fetur ta hanci?"

Direba ya dubi Baffa. Baffa ya ce shawarar mutanen tasha ce, kuma wani lokacin tana ci.

Auta ya zo ne da niyyar ya ce injin ya gama, ya bar su su farke shi su rasa. Amma injin nan, lokacin da Baba ke raye, shi ke goge shi da hannunsa har ya yi ƙyalli. In aka bar ta a hannunsu, kafin sanyi ya wuce ta zama gwangwan.

Ciwon nata kuwa ƙarami ne. Injin gas zafi ke tayar da shi, shi ya sa yake da hita mai ɗumama shi kafin a murɗa mukulli. Abin da ke ba hitar wuta ya ƙone tuntuni. Baba bai sayi wani ba, ya ja waya ya haɗa da maɓallin ƙararrawar ƙofa, ya manna shi can ciki a ƙarƙashin sitiyari. Fitilar hitar tana kamawa a gaban direba kamar komai lafiya, alhali in ba a danna maɓallin ba, banza ce. Lokacin zafi Baffa ya karɓi motar, don haka babu wanda ya lura.

Auta ya sa direba ya tsaya kan batir ya riƙe waya. Ya ce Baffa ya koma baya, ya sunkuya daidai bakin salansa inda hayaƙi ke fita, ya duba masa launin hayaƙin, don aikin sai mai ido. Baffa ya tafi ya sunkuya.

Auta ya shiga ya zauna. Ya sa hannun hagu ƙasa kamar mai gyara wando, ya danna, ya riƙe. Ya karanta addu'ar shiga mota a hankali, yadda Baba ke yi, don tsawonta shi ne tsawon ɗumamar. Ya murɗa. Ta yi tari, ta kama. Ya take totur har ƙasa.

Baffa ya zagayo yana tari, baƙin hayaƙi ya wanke masa fuska da gemu. Direba ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Baffa ya ce, "Mene ne ya lalace? Nuna wa direba."

"Babu abin nunawa, Baffa. Yau ta tashi, ku je ku yi aiki. Gobe da safe za ta sake ƙi."

Baffa ya ce to, zai riƙa aiko babur ya ɗauko shi.

Auta ya sauko, ya ɗauki buhunsa, ya tura ƙofar motar ta rufu.

"Ba na amsa aike. Kai za ka zo da ƙafarka kowace safiya, ka yi sallama, ka gaida Inna, sannan in fito. Har sanyi ya wuce."