Abin da Ya Sandarar da Kwamfutar Yaya

"To ni na cinye miki ita?" in ji Auta, yana buga sukundireba a kan teburin falo. "Gyara na iya, Yaya, ni ba ɗan duba ba ne!"

"Gyaran banza! Kullum ka taɓa ta sai ta ƙara taɓarɓarewa."

Yayar nan tasa mai zanen gidaje ce, duk aikinta a cikin laftof ɗin yake. Da yamma za ta nuna wa wani ɗan kwangila zanen bene, ga shi mutumin ya riga ya ce in ta sake saɓa masa, wani zai ba aikin. Ita kuwa kwamfuta da an buɗe zane sai ta sandare, linzami ya ƙi motsi, fuskarta ta cika da layuka kore-kore.

Auta, ƙanenta, gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Ya rantse ya sauya direban hoto, wai shi ke koya wa na'urar yadda za ta nuna zane, amma duk dawowar da zai yi sai ya tarar an ɗora wani daban.

"Ji sharri!" in ji Yaya. "Wa zai ɗora? Yara suna makaranta, babansu kuwa ko kunna ta bai iya ba."

Baban yara dai na kan kujerarsa, ya ɓuya a bayan jarida. Ya ɗan yi tari.

Auta ya ce tunda direba ya ƙi, bari a duba cikin. Ya kwance bayan kwamfutar. Yana ɗaga murfin ya saki baki.

"Yaya, tsatsa! Ga lema har kan katin hoton, wanda ke fito da zane a fuskarta. Wanka kike yi mata?"

Yaya ta sunkuyo ta gani da idonta, sai hancinta ya riga idon. Ta shaƙa, ta sake shaƙa. Warin kifi! Kuma ba kowane kifi ba, nata, wanda ta ajiye a firji. Ta juyo a hankali. Jaridar nan tana ta karkarwa, alhali ko fanka ba a kunna ba.

"Baban yara?"

"Zafi take yi," ya faɗa da wata 'yar siririyar murya. "Sai in sa ta a firji ta ɗan huce kafin ki dawo daga kasuwa."

"A firji? Innalillahi! Me ke sa ta zafin?"

"Wasan tseren mota."

Jama'a, mutumin da in ya kama yaro yana wasa a waya sai ya yi masa faɗa har abinci ya huce! Da furfurarsa da komai! Wai motar ce ke masa tsaye-tsaye a kwana, shi ne ya kalli bidiyo ya koyi sauya direba. Yaya ta zauna a hannun kujera.

"Auta, za ta tashi yau?"

"Yau? Katin ya tafi, Yaya. Sai an nemo wani, in ma an samu."

Wayarta ta hau ruri. Ɗan kwangila ne. Ta zuba wa wayar ido, ta kasa ɗauka.

Baban yara ya leƙo ta saman jarida. "Auta, in an gyara, inda na kai a wasan ba zai goge ba ko?"

Yaya ta miƙe, ta figi mayafinta, wayar na ta ihu a hannunta. Ta fice ta banko ƙofa, garam!