Jarumin Gidan Dodanni

Duk hutun makaranta in Baba ya kai su filin wasanni, ba ruwansa da lilo ko jirgin nan mai juya mutane kai ƙasa. Rana na take tsaka sai ya ce, "Auta, taso mu gaida dodanni." Sau biyar, sau shida suke shiga gidan duhun nan, ita tana ƙanƙame da hannunsa, shi kuwa ko gezau. A makaranta har cika baki take yi, wai babanta ba ya tsoron komai.

Sai da ta girma, likita ya ce irin ciwon jijiyar Baba ne ya kama ta, mai kashe ƙafafu in an sha zafi, sannan ta gane. Kaf filin, gidan dodannin kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki.

Bana ta koma da 'yarta. Da rana ta yi zafi ƙafafunta suka fara nauyi, ta ja ta suka shige. Sanyin ya tarbe ta, da warin tsohon fentin nan. Bencin da Baba ke zama a bayan ƙwarangwal yana nan, mai shi ne babu.

"Mama, ke ba kya tsoro?"

Ta goge ido cikin duhu. "Wa, ni? Muna fita ma sake shigowa za mu yi."