Bindiga a Benen Ofelia

Duk watan Oktoba, idan shahuna suka taso daga arewa suna bin gaɓar tekun Veracruz, Ofelia Zamudio takan rufe shagon ɗinkinta ta haye saman bene da kyamararta. Tun tana budurwa take da wannan hali, ga shi har furfura ta cika kai.

Ran nan da hantsi sama ta yi baƙi ƙirin da tsuntsaye. Dubbai ne, suna kewaya bisa gonakin rake kamar ana dama kunu, suna ƙara lulawa ba mai kaɗa fiffike. Tana cikin ɗaukar hoto sai ta ji taku a matakala. Ƙanenta Crispín ne, riƙe da bindigar farauta, ido jawur.

Ya ce, "Yaya, ba ni wuri. Benenki ya fi nawa tsawo."

"Ka yi me?"

"Shaho ya kwashe min 'yan tsaki jiya. Yau sai na ga gawa."

"Kai wawa, waɗannan matafiya ne. Ina ruwansu da kajinka? Ɓarawonka ɗan unguwa ne, je ka neme shi a bishiyar mangwaro."

"Shaho shaho ne," in ji shi, ya ɗaga bindiga.

Ofelia ta sha gabansa, bakin bindigar ya kusa taɓa mata kafaɗa. Ta juyo da kyamara saitin fuskarsa, ƙyas!

"Kin haukace? Akwai harsashi a ciki!"

"To harba mana, jarumi. Na rantse da kabarin Mama, hoton nan a ƙofar coci zan manna shi, kowa ya ga ƙaton da ya fito yaƙi da tsuntsu. Ni na goya ka, ni na wanke maka kashi, yau ni za ka tsorata da ƙarfe?"

Maƙwabciyarta da ke shanya ta fashe da dariya. Crispín ya yi tsaki, ya sauke bindiga, ya sauka yana zage-zage. Har tsuntsayen suka gama wucewa a shekarar bai ƙara taka gidanta ba, ita ma ba ta aika a ba shi haƙuri ba.

Ran nan dai, da ya tafi, sai ta kife bokiti ta zauna. Babban garken ya riga ya yi kudu, ya tafi da hoton da take so. Ta ja tsaki ita ma, ta goge gilashin kyamara da bakin siket, ta leƙa ƙasa ta ce wa maƙwabciyar ta miƙo mata ruwan sanyi, don ba yanzu za ta sauka ba.